Dankalin Firdausi

Daura, 14 ga Janairu, 2003

Zuwa ga ƙanena Saminu,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kana lafiya, Allah ya kare ka daga sanyin Holan. Mu nan sai godiya. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, ɗan'uwanmu Lawal ya sayar da shanunsa a Mai'adua, Mardiyya matar Badaru ta sauka lafiya.

Dalilin wasiƙar nan 'yarka ce Firdausi, wadda ka damƙa mini amanarta bara. Ranar Laraba, wai uwarta ta cika shekara da rasuwa, ta roƙi Lawal ya sayo mata dankalin turawa da kabeji. Ta dafa su tare har suka yi lugub, ta tuƙe da muciyata, ta zuba madara da man shanu. Sai ta mulmula a kwano, ta yi rami a tsakiya ta cika da romo. Ta kawo mana da hannu biyu, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce abin da uwarta ke dafa muku ke nan idan ƙanƙara ta sauka.

Saminu, ko jaririn da ake yayewa ba a ba shi irin wannan. Na kira matan gida suka leƙa, aka yi ta dariya. Iya dai ta yi loma biyu ta ce da laushi, amma ka san bakin da ba haƙori komai daɗi gare shi. Na ɗauke kwanon daga gabanta. Na tambayi yarinyar ko gaskiya ne can da naman alade ake ci, ta rantse uwarta ba ta taɓa sawa ba. Na ce baturiya dai baturiya ce, ko ta yi shahada. Na sa ta kai wa awaki da hannunta, na tsaya har suka suɗe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Takardar da uwarta ta rubuta mata girkin na jefa a murhu, kuma na hana ta yin yaren Holan a gidana. Kwana biyu ba ta ci komai ba, a na uku ta ci tuwo. Yanzu ba ta kuka, ba ta yawan magana, ko sunanka ta daina ambata. Alhamdulillahi, tarbiyya ta fara shiga.

Ta rubuto maka wasiƙa, amma da yake ba na karanta yarenku ban ga amfanin aikowa ba. Kada ka wahalar da kanka da zuwa bana.

Iya tana sa maka albarka. Lawal, Badaru da Mardiyya suna gaishe ka. Na ce wa Firdausi ta faɗi saƙonta, ta ce ba ta da shi.

Yayarka,
Zubaida