Saƙonnin Yayana Suna Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Mutum uku na yi wa bayani, duka ukun suka kalle ni kamar wadda ta samu taɓi. Shi ya sa na ce bari in rubuto miki, ke da ba ki san fuskata ba.

Ina da ɗan shagon buga takardu da cike wa mutane fom ta intanet. Ni da yayana muka buɗe shi, shi ya koya mini aikin tun ina farautar haruffa da yatsa ɗaya yana yi mini dariya. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, ciwon ƙoda. Ya bar mini shagon da firinta da kwamfutarsa ta cinya mai shekara goma sha ɗaya. Salatif ne ke riƙe da murfinta, batirin ya mutu tuntuni, in ƙafa ta taɓa wayar caja sai ta ɗauke. Fankarta kuwa in ta fara gurnani, har tela maƙwabcina yakan leƙo ya tambaya ko janareta na tayar.

Babbar manhajar da kwamfutar ke aiki da ita ta tsufa, masu ita sun daina sabunta ta, shafukan da nake cike fom sun fara ƙin buɗewa. Makon jiya wata baiwar Allah ta yi awa biyu a kan benci, kuma ranar ake rufe neman aikin da take so. Ƙarshe ta tattara takardunta ta fita ba ko sallama. Kunya kamar in nutse. Na kai wa mai gyara, ya ce a goge komai a ɗora sabuwar manhaja, zai kwashe mini takardu da hotuna a filash, aikin wuni ɗaya ne.

To Anti, ni ba takardu ne damuwata ba. Yaya mutum ne mai mantuwa, komai sai ya sa a wata tsohuwar kalanda da ke cikin kwamfutar, in lokaci ya yi sai ɗan akwati rawaya ya faɗo a gefen allo. Watanninsa na ƙarshe ina ganinsa yana ta danne-danne da kumburarrun yatsu, ina yi masa faɗa ya bar aikin mutane ya huta. Ashe ni yake yi wa rubutu. Ranar da na fara buɗe shago bayan rasuwarsa, ƙarfe sha ɗaya akwatin ya faɗo: "Auta, tashi ki miƙe ƙafa, aikin ba gudu zai yi ba." Sai da na rufe shagon na yi kuka mai isata.

Tun daga nan saƙonnin suke zuwa. Wasu kullum ne, wasu duk wata, kamar na maganin Inna. Wasu kuwa sau ɗaya suke zuwa, ban san rana ba. Ranar da shago ya cika shekara biyar ya ce in canza kujera kafin ta karya mini baya, kuma in daina hararar masu neman ragi. Wallahi da ransa ma haka yake, tsokana kamar ba shi ne babba ba. Ina kewarsa, Anti. Kullum da safe in na danna maɓallin kunnawa sai in zuba wa allo ido, ko yau yana da sabuwar magana.

Mai gyara ya ce kalandar nan ba ta tafiya a sabuwar manhaja, in buɗe ta in karance saƙonnin da ba su zo ba tukuna in kwafe a littafi. Haba! In na karance su a zama ɗaya, ai shi ke nan Yaya ya gama magana. In kuma na bari aka goge, da hannuna na rufe masa baki. Ga shi kwanan nan kwamfutar tana wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki in tana tashi. Ko Inna ban gaya wa ba. In bar shagon ya mutu, ko in bar saƙonnin su tafi?

Auta mai shagon buga takardu

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Yaya. Ba taɓi gare ki ba, kewa ce, kuma ba abin kunya ba ce. Amma zan fara da abin da kika jefa a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba. Wannan ƙas-ƙas ɗin yawanci faifan ajiya ne ke sanar da cewa ya gaji. Kina tsoron mai gyara, alhali barin kwamfutar yadda take ya fi hatsari. Wata safiya za ki kunna ta ƙi tashi, ki rasa shafukan fom, ki rasa saƙonnin, babu wanda ya nemi izininki.

Mai gyara ya yi gaskiya a kan manhajar. Kina shigar da bayanan mutane a kwamfutar da aka daina toshe wa kafar shigar ɓarayin intanet, wannan kuwa amana ce. Inda ya kuskure shi ne zancen gogewa. Ba dole ba ne. Ki ce masa ya fara kwafe tsohon faifan gaba ɗayansa a wani faifan, yadda yake, ya kunna kwafin ki gani da idonki. Sannan ya cire tsohon ya ba ki ki adana, ya sa sabo, a kan sabon za a ɗora manhajar. Ya kuma duba ko kwamfutar za ta iya ɗauka. In ba za ta iya ba, akwai manhajoji marasa nauyi da aka yi don irinta. In ya ce wahala ce, ki nemi wani mai gyaran.

Kalandar kuma, yawancinsu suna da hanyar fitar da abin da ke cikinsu a fayil ɗaya a zuba a wata sabuwa, ko ta wayarki, kowane saƙo da ranarsa da sa'arsa. In taki ba ta yi, ki samu wadda kika amince da ita, mai riƙe baki, ta zauna ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ke kuma ki fita ki ba ta wuri. Akwatin ba zai zama rawaya ba, wannan kam ki haƙura. Maganar dai tasa ce, kuma za ta zo a ranar da ya zaɓa.

Saura abu ɗaya da ba za ki so ji ba. Na sau ɗayan nan suna da iyaka. Wata rana na ƙarshe zai zo, ba za ki ma san shi ne ba sai shiru ya yi tsawo. Kada ranar ta same ki ke kaɗai. Ki gaya wa Inna. Ke yaya kika rasa, ita ɗa ta binne, kuma wata goma sha huɗu ke nan yana tuna maganinta ba ta sani ba. In na gaba ya faɗo, ki karanta mata.

Ki kai kwamfutar cikin makon nan. Allah ya sanyaya zuciyarku, ya sa wa shagon albarka.

Antinki