Rarar Yadin da Ke Cikin Rigar Tela

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da gwiwar nan taki da ba ta barin ki sakat. Mu nan sai godiya.

Kin yi ta kira ban ɗauka ba, kada ki yi fushi. Kin san gidanmu, in na yi tari a kicin maigidana Tela yana ji daga ɗaki, shi ya sa na koma takarda.

Sakamakon hoton ya fito. Ba shawara ba ce kawai kamar yadda muka ɗauka da idonsa ya yi rawaya. Ciwon daji ne, a wata 'yar tsoka da ke kwance can bayan tumbi, likita ya kira ta fankiriyas. Ya ce ita ke taimaka wa ciki narkar da abinci, ita ke kuma daidaita sukari. Na yi masa tambayoyin da kika ce in yi. Ba a ɗauka, ko kwano ɗaya muka ci. Yawanci ba gado ba ne, amma ya tambayi ko wani a danginsu ya taɓa yi, aka ce babu. Na ce ko sukarin da aka gano masa bara ne ya jawo, ya ce mai yiwuwa ma ciwon ne ya tayar da sukarin. Na ce to me ya sa ba a gani da wuri ba, ya ce wurin a ɓoye yake, ciwon ba ya cika nuna kansa sai ya yi nisa.

Ina buɗe baki in tambayi ko za a yi aiki a cire, sai Tela ya taɓa hannuna, wai in je in karɓo maganin ƙaiƙayi kafin layi ya yi tsawo. Na tashi kamar yarinyar da aka aika. Dogo kuwa bai motsa daga kujerarsa ba.

Kin tuna Dogo, abokin aikinsa na shago, shi ke yanka Tela na ɗinki tun kafin a kawo ni gidan nan. Ban san wa ya gayyace shi asibiti ba. Da na dawo da maganin sun riga sun fito, suna tsaye a baranda suna maganar wani wando da ba a gama ba. Na tambayi abin da likita ya ce, Tela ya ce magani za a fara, shi ke nan. Dogo ya duƙufa kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.

Yaya, abin ya yi mini ciwo. Ni na haifa masa 'ya'ya, ni ke sosa masa baya har hannuna ya gaji, amma da aka zo babbar magana ni aka aika layi.

Kin ce za ki zo. Ki bari sai yara sun sami hutu, babu gaggawa. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya gwiwa? Na ga wasiƙarki, na kuma ga faɗan da kika yi mini. Wai in gode Allah mijina yana da aboki. Na gode, amma ba ke ake rufe wa ƙofa ba.

An sa masa wani ɗan bututu a hanyar matsarmama, rawayar idon ta ragu, ƙaiƙayin ma ya yi sauƙi. An fara yi masa ƙarin ruwan maganin dajin, yakan kwantar da shi kwana biyu sannan ya ɗan taso. Ciwon bayan ne dai ke nan. Ba ya son kwanciya rigingine, sai ya zauna a bakin gado ya duƙa a kan matashi. Na tambayi ma'aikaciyar jinya me zan riƙa ba shi, ta ce kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada in tsare shi da cokali, kuma ya riƙa haɗiyar wani kafso da aka ba shi tare da abinci don shi ke taimaka masa narkarwa. Haka nake yi. Sai in dafa, in jera, ya yi loma biyu ya ture. Dogo yana shigowa da ayaba a leda sai ka ga an cinye guda, har da hira. Ayabar da ni ma na saya da safe, tana nan a kan firji tana baƙi.

Duk yamma in ya rufe shago sai ya biyo. Ya tsaya daga ƙofa ya ce Maman yara ina wuni, ya mai jiki, kamar ba wurin mai jikin zai shiga ba. Su tura ƙofa. Wani lokaci in ji dariya, wani lokaci shiru. Shirun ya fi ba ni haushi, don ni in na zauna da shi na yi shiru sai ya ce ko akwai abin da ke damuna.

Ga sabon salo kuma. Dogo ya fara kwasar rigunansa da wandunansa yana tafiya da su shago, wai dutsen gugar can ya fi nauyi. Tun ina amarya nake yi wa mutumin nan guga, bai taɓa cewa ga inda ya tanƙware ba. Yanzu gugata ce ba ta yi ba. Na ce wa Tela ko girkin ma Dogo zai karɓa in huta, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce kishi ba ya yi mini kyau. Na ce ai ban yi don kyau ba.

Abu ɗaya ke kwantar mini da hankali. Kin tambaya ko ya rame. Fuskarsa ta faɗa, amma kayansa suna zama masa daidai kamar da, ko kafaɗar rigar ba ta zubo ba. Matar da ke kusa da mu a wurin ƙarin ruwa mijinta yana iyo a cikin riga. Ina ganin namu da sauƙi.

Ki gaida maigida, ki ce na gode da saƙo.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Shekaranjiya shayi ya zube masa a shuɗiyar rigar nan, na karɓe kafin Dogo ya zo ya kwashe. Na juya ta ciki waje zan wanke, sai na ji gefen ya yi kauri a hannuna. Na duba. Ɗinki ne layi-layi, ɗaya na bin ɗaya, kowanne ya ɗan fi na baya shiga ciki. Na buɗe durowa na juye sauran, riga da wando, duk haka suke. Ashe ba guga ake kai su ba. In sun tura ƙofa Dogo yana auna shi ne, ya tafi da kayan ya rage, ya dawo da su a goge. Ni kuma ina nan ina rubuta miki cewa bai rame ba.

Na zauna a bakin baho na yi kuka, kuma ba zan ɓoye miki ba, rabin kukan na haushi ne. Wani ƙato ya san faɗin ƙugun mijina mako-mako, ni ban sani ba. Tun da ciwon ya fara a cikin riga yake kwana, wai sanyi. Bayan ma ta saman riga nake sosawa.

Na yafa mayafi na tafi shago da rigar a hannu. Dogo na tsaye a teburin yanka da alli a bayan kunne, keken Tela na gefe an lulluɓe shi da ƙyalle. Na shimfiɗa rigar a kan yadin da yake yankawa na ce ya yi mini bayani. Ya daɗe yana shafa ɗinkin da babban yatsa. Ya ce shi ba ma ɗinki ne aikinsa ba, in duba layin farko yadda ya karkace, Tela ne ya roƙe shi. Wai ya ce in kaya suka yi masa yawa, kullum na dube shi ciwon zan gani, shi kuma yana so in ci gaba da ganin mijina.

Na ce to wannan tulin yadin da aka bari a ciki fa? Ya ce ai kin san ƙa'idar shagon nan. Na kuwa sani, ke ma kin sani, don kin taɓa yi musu tsiya a kai lokacin da suka rage miki riga. Ba sa yanke rara. In an kawo ragi sai su naɗe yadin a ciki su bi da ɗinki, wai mutum yana iya murmurewa ya dawo a buɗa masa. Dogo ya ce ranar farko Tela ya ce masa kada ya kuskura ya sa almakashi, zai dawo a buɗa.

Na ce ya gaya mini abin da likita ya faɗa ranar da aka aike ni layi. Ya ce Maman yara, ki yi mini rai, wannan ba a bakina za ki ji ba. Na ce masa ya ji daɗi, ya samu abin da ya fi ni. Ya naɗe rigar ya miƙo mini da hannu biyu.

Daga nan asibiti na wuce ni kaɗai. Likita ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce mai ciwon ne ke da ikon maganarsa, kuma ya roƙa a bar shi ya gaya mini da kansa. Na ce to a irin wannan ciwon, mutum yana kai yaushe? Ya ce babu likitan da zai yanka wa wani rana, ya danganta da inda ciwon ya kai da yadda jiki ya karɓi magani. Ya ce in koma gida in zauna kusa da shi.

Na dawo na wanke rigar, na mayar da kayan yadda suke. Ban ce masa komai ba. Ina so ya faɗa mini ba tare da na ƙwace ba, kamar yadda ya faɗa wa wancan.

Ki sa mu a addu'a.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki, na ji kin ce in daina auna kaina da Dogo. Karanta wannan tukuna.

An dakatar da ƙarin ruwan, jikinsa bai ɗauka ba. Yanzu maganin ciwo ake ba shi, yana kuwa aiki, yana samun barci. Na ji tsoron kada ya saba da shi, ma'aikaciyar jinya ta ce in cire wannan daga raina, a ba shi a kan lokaci kada a jira sai ciwon ya taso.

A makon nan na lura yana yawan jan gefen rigarsa. Naɗin da ke ciki ya yi kauri, yana gurzar masa haƙarƙari in ya duƙa a kan matashi. Sau biyu Dogo yana tafiya da shuɗiyar rigar yana dawowa da ita, ina jin muryar Tela ta ƙofa yana yi masa faɗa. Jiya da safe, ba ma da yamma ba, sai ga Dogo. Bai shiga ɗaki ba. Ya ajiye leda a kan teburin falo, ya ce yana waje. Na buɗe, rigar ce, da babban almakashinsa a kai. Almakashin da ko Tela bai isa ya taɓa ba, wanda Dogo ya taɓa korar ɗanmu daga shago don ya yanka takarda da shi.

Tela ya kira ni, ya ce in shigo da su. Ya ce in zauna a gefensa. Sannan ya cire rigar da ke jikinsa a gabana, karo na farko tun da aka fara. Yaya, ba zan kwatanta miki ba. Ya bar ni na duba har na gama.

Ya juya shuɗiyar ciki waje ya shimfiɗa a cinyata. Ya ce ya san na gani tun ranar shayi, don ni kaɗai ke naɗe hannun riga ta baya. Ya ce ya ce wa Dogo ya yanke rarar, mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanka yadin mutane ya dawo yana cewa almakashi ya dakushe. Sai ya gaya mini duka. Tun ranar farko likita ya ce ciwon ya kama jijiyoyin jini ya taɓa hanta, aiki ba zai yiwu ba, magani na jinkirtawa ne. Yanzu kuma magana ta koma ta watanni, mai yiwuwa ba masu yawa ba. Ya ce: "Dogo na iya ji, amma ba zai iya yankewa ba. Ke ce za ki iya, shi ya sa na bar ki ƙarshe."

Na ce ban yafe aiken layin nan ba. Ya ce ya sani.

Na sa almakashin. Yana da nauyi, kaifinsa kuma kamar reza, babu inda ya dakushe. Tela ya riƙe mini bakin yadin yana cewa in bi layi, in bar ɗan yatsa ɗaya kada ɗinkin ya zare. Na yanke gefe ɗaya, na juya na yanke ɗayan. Ya ɗaga ya duba ya ce da a shago ne da ya sallame ni, yankan ya karkace. Na sa masa ita, ya duƙa a kan matashin, ya ce yanzu ba ta gurza.

Da na fito mayar da almakashin, Dogo na zaune a kan dakalin ƙofar gida ya juya wa titi baya. Ya ga guntayen yadin a hannuna, ya rufe fuska da hularsa. Wata da watanni ina jin haushin mutumin nan don ya riga ni sani, ban taɓa tunanin shi kaɗai yake ɗauke da abin ba, yana zuwa yana cin ayaba yana dariya. Na haɗa masa shayi na kai masa. Amma a kofin baƙi na zuba, na Tela nawa ne.

Sauran kayan suna nan a durowa, ya ce in riƙa yankewa ɗaya-ɗaya, ranar da zai sa. Dogo ya ce in riƙe almakashin.

Yaya, na ce ki bari sai yara sun sami hutu. Kada ki jira hutun. Ki taho, yana tambayarki.

Ƙanwarki,
Auta