Ƙwan Kirinjijiya

Daren Laraba, ƙarshen damina.

Raina a ɓace yake. Yau na kai Malama Rifkatu, sabuwar ma'aikaciyar asibitinmu, tsibirin da ke cikin dam ɗin Goronyo. Munka bi bakin ruwa, furen bado ya buɗe fari tas, kirinjijiya na shawagi bisa kanmu. Sai ga Kawu Sani mai jirgi, hularshi cike da ƙwai.

Na ce, "Kawu, don mi?"

Ya ce, "Baƙuwa ta koma hannu rabbana?"

Baba bai taɓa barin kowa ya taɓa sheƙa a tsibirin nan ba. Uwayen sunka bi jirginmu da kuka har gaɓa. Malama ta ƙi karɓa.

Bayan magariba Inna ta aje mani dafaffen ƙwai. Sai da na ci biyu ta ce, "Kawunki ya kawo."