Ƙaiƙayin da ke Fuskarka

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Ka ga ko a takarda na kasa kama sunanka, alhali na san babu mai kai maka ita, kuma ba za ka karanta ba. Kai ne ka matsa mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, to ga amfaninsa yau, sai ka yi haƙuri da rubutun, ya karkace kamar yadda mai shi ta karkace.

Mutanen gida kowa lafiya. Auwalu ya yi ƙiba, har ya fara furfura a gemu, yaron da ka bari yana ta rigimar a saya masa babur. 'Yarsa Rabi, wadda ba ka gani ba, ta shiga sakandare, kuma bakinka ta ɗauko sak, ba ta gajiya da tambaya. Ƙafin Maiyaki ta cika ta batse. Ranar kasuwa babura ba sa barin mutum ya tsallaka titi, ƙurar da suke tayarwa kuwa da kana nan da ka yi ta faɗa har muryarka ta dishe. Mangwaron tsakar gida yana nan. Ɗakin wankin hotonka ma yana nan, ban bari an taɓa shi ba, duk da sau uku Auwalu yana lallaɓa ni wai a fasa masa ƙofa ta waje a yi shago.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, Malam, fuskarka ta fara ɓace mini. Yanar ido ta fara rufe mini na hagu, na dama ma ya soma bin sahu. Ina tuna muryarka, ina tuna tarin da kake yi a zaure kafin ka shigo, amma in na rufe ido in nemo fuskarka sai in ga hula da gemu kawai. Wannan abu ya tsorata ni ƙwarai. Da Rabi ta tambaye ni kamannin kakanta, sai na ji kunya ta kama ni. A ce mutumin da ya ɗauki rabin mutanen Kiru hoto, a gidansa babu nasa ko ɗaya? Wa zai yarda?

Ka tuna yadda ka yi da ɗakin nan? Shi ka fara yi wa daɓen siminti, mu muna kwana a kan daɓen ƙasa, na yi fushi na kwana biyu ban yi maka magana ba, kai ko a jikinka. Ka bi azara ka lulluɓe ta da leda don kada ƙasar soro ta riƙa zubowa. Ka toshe taga. Ka rataya labule biyu a ƙofa, baƙi a ciki, asabari a waje. Sannan ka kafa mini dokokinka kamar alƙali. Tsintsiya ba ta shiga ɗakin nan har abada, domin a cewarka shara tayar da ƙura take yi, ta yi yawo a sama, ta dawo ta zauna inda ba a son ta. Sai dai tsumma jiƙaƙƙe, a durƙushe, daga ƙurya zuwa ƙofa. A yayyafa ruwa a bakin ƙofa safe da yamma. Takalmi a waje. Ruwan rijiyar da za ka haɗa magani da shi sai na tace shi sau biyu da farin mayafina, wanda ban ƙara yafa shi ba tun daga ranar. Kai kanka riga guda gare ka ta shiga ɗakin, tana rataye a ƙusa, wai sauran rigunan suna zubar da zare.

Ka san irin zagin da na sha a kan dokar nan? Inna, Allah Ya jiƙan ta, ta zo ta ga shekara guda ban share ɗakin ɗanta ba, ta fita ta gaya wa duk unguwa ka auro ƙazama. Da ta gan ni ina jan gwiwa da tsumma kuma, sai ta ce ka mayar da ni baiwa. Matan unguwa suka sa mini Mai Yayyafi, kai ma ka ɗauka, har ka koma ga Allah da shi kake kirana in kana son tsokana.

Babbar dokar ita ce ta shanya. In ka wanke fim ka rataya shi a igiya yana ɗiga, gidan nan kaf sai ya tsaya. Ba daka, ba shiƙa, ba kaɗe tabarma, kaji ma sai a kife su da akurki. Ka nuna mini da idona: ƙwayar ƙura guda in ta faɗa wa fim yana jiƙe, ta manne ke nan, in an buga hoton sai ta fito fari fat a fuskar mutum. Nakan leƙo in gan ka sunkuye da ɗan siririn buroshinka da tawada, kana cike ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, harshenka a waje kamar yaro mai koyon rubutu. Wallahi a lokacin haushi kake ba ni. Yanzu da zan sake ganin harshen nan da na ba da duk abin da na mallaka.

To, ga abin da ban taɓa gaya maka ba.

Ka tuna kakar da muka sami dawa da yawa, ka je Burumburum ka ɗauki iyalin Arɗo hoto za su tashi zuwa kudu da shanunsu? Ka dawo da saura guda a fim ɗin. Maimakon ka ɓata shi a kan akuya kamar yadda ka saba, sai ka kife turmi a gindin mangwaro ka zauna, ka ɗora mini kyamara a hannu, ka nuna mini inda zan danna. Kana yi mini dariya, na danna. Shi ke nan hotonka a duniya, kuma ni na ɗauka.

Ka wanke fim ɗin da hantsi, ka shanya, ka hau babur za ka Yako ɗaurin aure, ka ja mini kunne kamar kullum. Ni kuwa ga dawa an sussuke tun jiya, ga iska ta taso daidai yadda ake so, ga baƙi za su zo. Na ce a raina ai ƙofa a rufe take, labule biyu, me zai shiga? Na fito da ƙwarya na yi shiƙata a can bakin katanga. Da a nan na tsaya, da ƙila babu abin da ya faru. Amma zuciyata ta hana ni sakat. Ina son in ga abin da hannuna ya ɗauka. Ko na yanke maka kai? Ko ka fito? Na ajiye ƙwarya, ban wanke hannu ba, ban kaɗe zane ba, ƙaiƙayi har cikin gashin idona, na ɗaga asabari na ɗaga labule na shige. Na kamo fim ɗin na kawo shi daf da fuskata ina juya shi wajen hasken ƙofa. Na gan ka, ɗan mitsitsi, fuska fara haƙora baƙaƙe kamar aljani, na yi ta dariya ni kaɗai. Har atishawa na yi a wurin, Malam.

Da ka dawo ka duba, ban taɓa ganin ranka ya ɓaci haka ba. Ba ka ɗaga murya ba, kuma ba ka tambaye ni komai ba. Ka ɗaga kai ka dubi rufi, ka ce leda ce ta yage. Kwana biyu kana bisa tsani kana sauke ta kana sa sabuwa, ni ce ma nake riƙe maka tsanin, bakina gum. Sannan ka yi kwana huɗu a sunkuye kana gyara hotunan iyalin Arɗo ɗigo-ɗigo, har idonka ya yi ja, don su samu kafin su tashi. Naka kuwa ka yanke shi ka sa a ambulan, ka ce ba ka da lokacin gyara fuskar da kake gani a madubi kullum, wata rana a sake wani. Ba a sake ba. Masu hoto mai kala suka zo, aiki ya ja baya, ciwo ya zo, sai ga ni cikin takaba.

Me ya hana ni faɗa? Ba tsoron duka ba ne, ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba. Kai ne kake gaya wa abokanka a zaure cewa a duk ƙasar nan babu mai hoton da ke da ɗaki mai tsabta irin naka, kuma aikin Mai Yayyafi ne. Ina ji daga tsakar gida, kaina na kumbura. Na kasa zubar da wannan da bakina. Wani lokaci kuma sai in ce anya ba ka sani ba? Mutumin da ke gane ƙurar titi daga ƙurar soro, ya kasa gane ƙaiƙayin dawa? In ka sani ka yi shiru, ka hau tsani don ka rufa mini asiri, to ka fi ni, kuma abin ya fi yi mini ciwo.

Watan jiya na buɗe akwatinka na ƙarfe na nemo ambulan ɗin. Na ba Auwalu, na ce ko ina ne ya kai a fito mini da kai kafin idona ya rufe. Ya kai Kano wurin wani mai aiki da kwamfuta, ya dawo yana murna, ya miƙo mini hoto babba a cikin gilashi. Na fita da shi rana na duba, na sake dubawa. Wani mutum ne mai santsin fuska kamar an shafe shi da man shanu. Mai kwamfutar ya goge ƙurar tas, ya haɗa da billenka ya goge, ya goge tabon da ke girarka na faɗuwar babur, wai duk ya ɗauka datti ne. Na ce wa Auwalu wannan ba ubansa ba ne, ya mayar wa mai shi. Ya ji haushi, ya ce na cika rigima, amma ɗan albarka ya koma, ya sa aka buga mini shi yadda yake, ba a taɓa komai ba.

Malam, ga ka nan. Kana zaune bisa turmi, hula ta karkace, kana dariyar yadda na riƙe kyamara. Ga bille, ga tabo. Ɗigon fari ya bi fuskarka da rigarka kamar an watsa maka gari, har da wani ɗan lanƙwasasshen zare a kan kafaɗarka, na san daga ɗankwalina ya faɗo. Ban yanke maka kai ba, ka sani. Na zauna a gindin mangwaro na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da kai.

Rabi ta zo ta tsuguna tana kallo, ta tambaye ni mene ne fari-farin nan da ya ɓata wa kakanta fuska. Na gaya mata gaskiya, tun daga ƙwaryar shiƙa har atishawa. Ita ce mutum na farko da ya ji. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ina share hawaye. Sai na ga bai kamata jika ta sani kai ba ka ji daga bakina ba.

Don Allah ka yafe mini kwana shidan nan da na sa ka wahala, da shirun da na yi maka na shekara da shekaru. Hoton yana ɗakinka, na rataya shi a ƙusar rigarka. Kullum da safe ina shiga in dube ka da kyau, ina haddace ka, don ranar da idon zai rufe gaba ɗaya ya zama kana ciki. Gwiwa ta ƙi, amma har yau da tsumma nake goge daɓen, tsintsiya ba ta shiga ba. Kuma ina kaɗe zanena kafin in ɗaga labule.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Ni ce matarka,
Mai Yayyafi