Ƙafar Tirela da Ta Ƙi Sauka a Ɗanzomo

Gumel,
19 ga Afrilu, 1976.

Zuwa ga Yayana Ilu,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwarka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya A'i da yara, ya kuma tsare ka a wurin aikinka na wutar lantarki a can Fatakwal. Mu nan gida lafiya, sai zafin bazara da ya yi tsanani bana. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana fita tsakar gida. Kawu Barau ya gama sharar gona tun da wuri, yana jiran ruwa. Labarin ƙanwarmu Murja da ke aure a Ɗanzomo kuwa yana cikin abin da ya sa na rubuto, don haka zan bi maka shi daga farko.

Ka san an mayar da ni ƙungiyar masu yawon allurar rigakafin ƙyanda. Mu uku ne: Malam Cindo disfensa shi ne shugaba, Malam Ubale direba kuma makanike, sai ni. An ba mu wata tirela da Landiroba ke ja, irin ta 'yan yawon buɗe ido, da gado da teburi a ciki, aka kafa firjin kananzir a jikin bangonta don ajiye ruwan allura. Tana da ƙafafu huɗu na ƙarfe, kowace kusurwa ɗaya. Idan an tsaya sai a danna maɓalli, wutar batir ta juya famfo, famfo ya tura mai, ƙafafun su sauka su daidaita ta. Daidaitawar ba don jin daɗinmu ba ce. Irin wannan firji in ya karkace ba ya sanyi, ko da fitilarsa na ci. Mun yi ƙauyukan Gagarawa da ita ba mu ga matsala ba.

A watan jiya muka isa Ɗanzomo da la'asar, an riga an yi shela cewa washegari za a yi allura. Filin da aka nuna mana yana da gangare da yashi. Malam Ubale ya danna maɓallan, ƙafafu uku suka sauka, ta baya ta hagu ta ƙi. Ana jin wani ɗan ƙas ƙas daga ƙasa, amma ba ta motsi. Ya yi ta dannawa, sai famfon ya fara gurnani a hankali kamar ya gaji, daga nan komai ya ɗauke. Ga ta nan a karkace, ukun da suka sauka sun ƙi komawa sama, balle a ja ta zuwa wuri mai kyau. Zan faɗa maka abin da ya duba, tunda sana'arka ce. Ya fara da batir, ya ciro na Landiroba ya sa, bai canza komai ba. Ya duba fis, bai tsinke ba. Ya buɗe tankin mai, yana nan cike, babu alamar yoyo a jikin bututu. Ya goge kan batir da sanfefa ya sake ɗaurewa. An ce irin waɗannan tireloli suna zuwa da mariƙin bugawa da hannu saboda irin wannan rana, amma tamu tun da aka kawo ta ba mu taɓa ganin nata ba. Daga ƙarshe ya sa jak ɗin mota a kusurwar, yashi ya haɗiye shi, sai da aka samo katako daga gidan dagaci sannan ta miƙe, gab da magariba. Firjin ya riga ya daɗe yana ci a karkace. Da gari ya waye fitilarsa na nan tana ci, amma cikinsa ɗumi ne kamar aljihu.

Kafin hantsi mata sun cika filin, har da na rugage da suka taho tun asuba da yara a goye. Malam Ubale ya ba da shawarar a yi allurar haka nan, wai ko ba ta yi amfani duka ba ta fi babu, kuma in aka kore su ba za su sake zuwa ba. Malam Cindo ya ƙi. Ya ce ruwan da ya kwana a zafi ƙarfinsa ya tafi, in muka yi wa yaro uwarsa za ta sake jiki tana ganin ya tsira, in kuma ƙyanda ta kama shi daga baya, shi ke nan babu mai sake yarda da allura a ƙasar nan. Ni aka sa in sanar da matan. Wasu suka tashi suka kama hanyar gida, wasu suka yi ta faɗa. Murja tana cikinsu da ɗanta Hussaini. Da mutane suka ragu ta biyo ni cikin tirelar, ta ce in yi masa ko a ɓoye ne, ai ni yayarta ce. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta ce, “Yaya Lauratu, ga magani a hannunki, ga ɗana a gabanki.” Na ce mata abin da ke hannuna ruwa ne kawai. Ta saɓa ɗanta ta fita.

Mun bar tirelar a can, muka dawo Gumel da Landiroba. Malam Ubale ya koma da wani abokinsa mai gyaran wutar mota, suka kwanta a ƙarƙashinta suna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙwan fitila. Abu biyu suka samu. Baƙar wayar da ke komawa jikin ƙarfen tirelar ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta, har tana lilo, shi ya sa famfon ya rasa ƙarfi ya mutu. Da suka kankare wurin suka ɗaure, ƙafafu uku suka koma sama. Ita kuwa ta huɗun, wayarta ta goge da bakin ƙarfe saboda gargadar hanya, kuma ɗan gwangwanin nan mai naɗin waya a ciki, wanda ke buɗe wa mai hanya idan wuta ta shiga, ya ƙone. Sun ce sulinoid ne sunansa. An nema a Kano ba a samu daidai shi ba, an tambayi masu zuwa Damagaram ta Maigatari su ma babu. Ga zanensa a bayan takardar nan da lambar da ke jikinsa. Ina roƙon ka duba mana wurin masu kayan jiragen ruwa ko na manyan motoci, in kuma ana iya sake naɗa shi ka gaya mana kaurin wayar da za a sa. Ofis sun rubuta sama, amma ka san yadda amsa ke daɗewa.

Sabon ruwan allura bai iso ba sai bayan makonni, muka kai shi Ɗanzomo cikin akwatin ƙanƙara. Waɗanda suka fito ba su kai rabin na farko ba, kuma ƙyanda ta riga mu shiga garin. An rasa yara, ban san adadinsu ba. Ta kama Hussaini, ya sha wuya ƙwarai, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma idonsa na dama ya yi fari. Mijin Murja zai kai shi asibitin ido a Kano in ya ƙara ƙarfi. Malam Cindo ya ce ko da mun yi masa wancan ruwan da wuya ya hana. Ni ma haka na sani, amma ban faɗa wa Murja ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na je duba shi, ta amsa gaisuwata, ta kawo mini ruwa, ba mu wuce haka ba. Shekaranjiya Kawu Barau ya dawo daga can, ya ce ta ba shi saƙo guda gare ni: wai an gyara ƙafar motar nan kuwa, don ƙanwar Hussaini za ta isa allura da faɗuwar damina. Na ce ya gaya mata na rubuta wa Yaya.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Kawu Barau da Gwaggo Sabuwa suna gaisuwa, haka ma Malam Ubale, wanda ya ce in nanata maka cewa sulinoid ɗin na batir mai wuta goma sha biyu ne. Ka gaida Yaya A'i da Talatu da Ɗanjuma. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Lauratu.