Mayafin da Ya Makara Shekara Arba'in

Ya Kaberi, tsawar daminata, kogin da bai taɓa neman izinin gaɓa ba, kakar Tuli, hasken idona,

Ki yi haƙuri da rubutun wanda ya koyi baƙi a ajin yamma da furfura a ka. Kin dai ji a waya: kwamitin unguwarmu ta Behala zai yafa miki mayafin girmamawa ranar bikin bautar Durga, wai ke ce macen da ta fara rataya jitar lantarki a yankin nan. Na yi dariya, na yi hawaye, na raba alawar madara har ƙarshen layi!

Amma sai yanzu suka gani? Ina idanunsu suke shekara arba'in? Kin tuna ranar da kika hau dandalin unguwa sanye da jan sari, ina tsugune ina haɗa miki wayoyin lasifika, Pashupati-babu na kwamitin ya zare wutar ana tsakiyar waƙa, wai kiɗan 'yan iska ne? Ranar kika tafi da zuciyata. To shi ɗin ne ya kawo takardar gayyata, yana dogara sanda, ko kunya babu! Wai, "Haradhan, ka ce wa uwargida ta zo da akwatin kiɗa na harmoniya, ta zauna ta yi mana waƙa mai sanyi."

Na ce, "Yaya, mayafi za ku yafa mata ko likkafani?"

Kin ce ba za ki baro garin Siliguri ba, kina wajen jika, kina fushi. Fushinki halal ne, nawa ma ya fi naki. Sai dai wa za ki ɓoye wa, farin watana? Na ga yadda yatsunki suka ƙage, na ga kina tura mini kifi in cire miki ƙaya kina cewa ganinki ne ya ragu. Tsoro kike ji kada su ga hannun ya gaza.

Ki zo, don girman soyayyarmu, ki zo! Idan kin ƙi, za su yafa wa hotonki mayafin, su ba yara labarin wata salihar baiwar Allah mai sanyin murya. Wannan ƙaryar ce ba zan iya zama in saurara ba. Ki tsaya da ƙafafunki, ki kaɗa ko da tsirkiya ɗaya ce, ni kuma zan murɗa lasifikar har ƙarshe.

Na yanki tikitin jirgin Laraba. Kujera biyu ce a dawowa.

Naki har numfashi ya ƙare,
Haradhan