Amin Sau Uku

Asabar, 4 ga Maris 2006

Bobigny, gefen Paris. Ruwa tun safe, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa sai mutum.

Yau ma an watsa mana shara a Dandali. Ɗakin hira ɗaya muke da shi a intanet, mu 'yan Nijar da ke warwatse a Faransa, shi ma ba za a bar mana ba. Wasu yara ne, ba a san ƙasarsu ba, sai su shigo su liƙa layi ɗaya ba iyaka, tallar hotunan banza, har hirar mutane ta nutse. Alhaji Abdulsalami da ya buɗe ɗakin yana can Lyon, shagonsa a unguwar Guillotière, yana auna kuka da daddawa, ina ya ga lokacin korar wani. Ya kira ni. "Mu'awiya, kai ne mai lissafi. Yi mana dabara."

Shekara goma sha ɗaya takardar digirina ta lissafi tana cikin akwati, ni ina yawo ofis-ofis ina zaro takardar da ta maƙale a fotokwafi. Yau aka tuna ni mai lissafi ne. Na ce to.

Laraba, 8 ga Maris

Na je wurin Hamdiya, ɗiyar abokina Alasan. A nan aka haife ta, injiniya ce yanzu, Hausarta rabi Faransanci. Ta ce abin da nake nema sunansa bot. Ɗan shiri ne da zai zauna cikin ɗakin da suna kamar na mutum, ya karanta duk abin da aka rubuta, ya aikata abin da aka umarce shi. Ta ba ni takardu a kan harshen da ake masa magana da shi, Tcl. Tonton take ce mini, wato kawu.

"Tonton, ba shi da hankali, hein. Abin da ka ce, shi kawai."

Na ce ai ya fi mutane ke nan.

Lahadi, 12 ga Maris

Yini guda a kan alamar baka ɗaya da na manta ban rufe ba a cikin shirin. Idanuna kamar an zuba barkono.

Da ya tashi kuma, sai abin kunya. Na koya masa ya amsa sallama. A ɗakin gwaji na yi masa sallama, ya amsa, ya karanta amsar kansa, ya ga sallama a ciki, ya sake amsawa. Haka ya yi ta gaida kansa har aka jefo shi waje. Na zauna ina kallo baki buɗe. Ko na'ura ce, ka ba ta Hausa, gaisuwa za ta kashe ta.

Dandali ma haka yake in za a faɗi gaskiya. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi. Kowa lafiya lau. Wanda ba shi da takardu lafiya lau, wanda aka kora daga aiki lafiya lau. Ni na daina amsawa tuntuni, ina shiga ne in ji labarin gida in fita. Na cire masa gaisuwar.

Alhamis, 16 ga Maris

Ya kori ni kaina a gwaji. Na ji daɗi, ban san dalili ba.

Litinin, 20 ga Maris

Na gama dokar. Wanda ya maimaita layi ɗaya sau uku a jere, waje, kuma ƙofa a rufe masa mako guda. Da yake yaran nan suna shigowa da sunaye da yawa, na ƙara: idan mutane daban-daban suka rubuta layi iri ɗaya bi da bi, duk waje. Na gwada a kan shararsu da na ajiye, ko ɗaya bai tsira ba.

Hamdiya ta ce in ware sunayen manya, su Alhaji, kada dokar ta taɓa su. Na ƙi. Na gaji da duniyar da ake ware wasu. A layin préfecture ma, ofishin takardun zama, wani ta ƙofar gefe yake shiga. Nawa gadin bai san Alhaji ba.

Bayan ta tafi na rubuta abin da zai faɗa wa wanda ya kora. Na tuna hotunan da suka liƙa ranar da Hajiya Mariama take ciki, raina ya ɓaci, na rubuta wanda ya dace da su. Ba za su ji Hausa ba, amma ni na huce.

Na sa masa suna Maigadi.

Asabar, 25 ga Maris

Yana aiki. Yaran sun zo jiya, kafin su gama zama ya share su. Ɗaki tsaf.

Abin da ya ba ni mamaki, mutanenmu gaida shi suke. "Malam Maigadi, sannu da aiki." Ilya, ɗan Tawa da ke karatun digirgir a Bron, gefen Lyon, har da tambayarsa ɗan wane gari ne, da ya ji shiru ya ce, "Bawan Allah, miskili ne." Ban gaya musu ba. Na bar su.

Ilyan nan yana ba ni tausayi, ko da yake surutunsa ya yi yawa. Tsohuwarsa na kwance a gida. Takardarsa ta izinin zama ta ƙare, ranar da aka ba shi ta sabuntawa sai Mayu. In ya bar ƙasar, shi ke nan, shi da karatun.

Talata, 28 ga Maris

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

 Bari in rubuta yadda ya faru.

Yajin aiki ne yau, jirgin metro ɗaya-ɗaya. Ina wani ofis bayan azahar, hannuna baƙi ƙirin da tawada, Hamdiya ta kira. Ba sallama. "Tonton, kashe shi. Kashe shi yanzu." Maigadi take nufi. Na ce da me, ina can ƙarshen Paris? Ita kuma ba ta da mabuɗinsa, ban ba kowa ba. Sai da na yi rabin hanya a ƙafa. Na iso gida gab da magariba, ban cire takalmi ba na kunna na'ura.

Tsohuwar Ilya ta rasu da hantsi. An yi mata sutura tun kafin ya gama fahimta. Ba shi da zauren da zai zauna a zo masa gaisuwa, sai ya shiga Dandali ya faɗa. Mutane suka taru, na Lille, na Marseille, har na Niamey. Wani ya rubuta Allah ya jiƙanta. Ilya ya ce amin. Wani ya rubuta. Ya ce amin. Na uku ya rubuta, ya ce amin.

Maigadi ya kore shi.

Kuma a gaban kowa, da suna, ya faɗa masa abin da na sa masa a baki: "Mun ji. Je ka maimaita wa uwarka."

Na karanta, na tashi, na je na tsaya a banɗaki, na dawo, yana nan.

Bai tsaya nan ba. Masu Allah ya jiƙanta, layi iri ɗaya bi da bi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa uwar. Hajiya Mariama. Liman na Bron. Alhaji Abdulsalami da kansa. Waɗanda suka rage suka yi ta rubuta innalillahi saboda abin da suke gani, su ma ya kwashe su. Da na shigo, shi kaɗai ne a ɗakin, zaune, tsaf.

Na kashe shi. Na buɗe wa kowa ƙofa. Ba wanda ya shigo.

Laraba, 29 ga Maris

Ban je aiki ba. Na bi shirin layi-layi ina neman kuskure. Babu. Ko ɗigo ɗaya bai saɓa ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Da kuskure ne da na ce kuskure ne.

Ni da na yi zaman makokin ubana, na san bakin mai amsa gaisuwa ba ya faɗin komai sai amin daga safe har yamma. Na sani. Yaya aka yi na zauna mako biyu ina tunanin maimaici ban tuna ba?

Na kira Ilya, ba ya ɗauka.

Alhaji ya kira. Na shirya wa faɗa, bai yi ba. Sai da ya tambaye ni gajiya da sanyi, sannan ya ce, "Ni a ɗakina aka zagi uwata, na yafe, ta daɗe a ƙasa. Yaron nan fa tasa ko kwana ba ta yi ba." Ya ce Ilya yana ta tambaya me ya taɓa yi wa Malam Maigadi. Har yanzu yana zaton mutum ne. Ya ce yaron ya rantse shi da Dandali har abada, ga addu'ar bakwai ranar Litinin, kuma ba inda danginsa na nesa za su same shi sai can.

Na ce in ba shi bayani ta waya. Alhaji ya ce, "Lyon ba Makka ba ce, Mu'awiya."

Alhamis, 30 ga Maris

Hamdiya ta turo saƙo, wai laifinta ne da ba ta duba ba. Ba laifinta ba ne, na gaya mata. Abin da ta ce in yi ma da na yi, da aƙalla Alhaji ya rage a ciki ya buɗe ƙofa.

Patron, maigidana a wurin aiki, ya ba ni hutun gobe, yana kallona kamar na roƙi ƙodarsa.

Juma'a, 31 ga Maris

Lyon. Ina rubutu a bayan shagon Alhaji, tsakanin buhunan shinkafa.

Bayan Juma'a na hau tram, jirgin cikin gari, zuwa Bron. Ɗakin ɗalibi ne, gado, tebur, tabarma. Mutum biyu na tarar, da suka gan ni suka miƙe wai za su sayo burodi. Ilya ya rame. Ya ba ni wuri, ya zuba mini shayi.

Na fara bayani. Na ce Maigadi ba mutum ba ne, shiri ne, ni na rubuta shi. Na yi masa bayanin yaran, da dokar sau uku, da yadda na'ura ba ta rarrabe addu'a da talla. Na yi ta magana. Har da zana masa a bayan tikitin jirgi, Allah ya shirye ni.

Ya saurara har na ƙare. Sai ya ce, "To na'ura ina ta san uwa?"

Bai jira ni ba, ya ƙara.

"Wa ya sa mata maganar?"

Na ce ni. Na ce ba don shi ba ne, don yaran ne.

"Su ba su da uwaye?"

Na ninke tikitin na sa a aljihu. 

Muka zauna, shayin ya huce. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam Mu'awiya, tun daga Paris ka taho, ka zamna, ka yi mani lakca. Har yanzu ba ka yi mani gaisuwa ba."

 Gaskiya ne. Na shiga ɗakin mutumin da uwarsa ta rasu ban ce masa ya haƙuri ba. Na buɗe baki, kalmomin suka yi mini nauyi kamar na aro su. Na ce ya ƙarin haƙuri. Ya ce da godiya. Na ce Allah ya jiƙanta. Ya ce amin. Allah ya sa ta huta. Amin. Allah ya kyautata namu zuwan. Amin. Nan na tsaya.

Da zan fita na ce masa ranar Litinin ɗakin zai kasance a buɗe, ba Maigadi, ni zan tsaya a ƙofa. Ya ce, "Allah ya kai mu." Ba i ba ne, ba a'a ba ne. Bai raka ni ba. Ina ganin daidai ne.

Asabar, 1 ga Afrilu

A jirgi na yi ta jin haushinsa, wai lakca. Kafin mu iso Paris haushin ya rasa wurin tsayawa.

Litinin, 3 ga Afrilu

Na baro aiki da wuri. Alhaji ya bi mutane ta waya ɗaya-ɗaya, sun dawo, amma ɗakin shiru, kowa kamar yana taka ƙwai. Wani ya tambaya, "Mutumin nan yana nan?" Na rubuta cewa ba mutum ba ne, nawa ne, kuma maganar tawa ce, a yafe mini. Hajiya Mariama ta ce, "Kai ne? Kai da ko sallama ba ka amsawa, ashe kana da baki." Ba wanda ya kare ni.

Yaran sun leƙo sau biyu. Na fitar da su da hannu, ban ce musu komai ba.

La'asar ta wuce, Ilya bai zo ba. Liman ya ce a fara, addu'a tana isa ko ba shi. Ana cikin yi sai sunansa ya bayyana. Ya yi sallama. Ɗakin ya ɓarke, Allah ya jiƙanta, Allah ya jiƙanta, layi bisa layi har allon yana gudu, shi kuma yana bin su, amin, amin, amin. Na ɗauke hannuna daga na'urar na sa a cinya.

Daga ƙarshe na rubuta nawa, irin na kowa, ban ƙara ko harafi ba. Ya ɗan jima. Sannan ya ce amin, irin wadda ya ba kowa.



Alhamis, 6 ga Afrilu

Hamdiya ta ce gyaran ba wuya, minti goma ne, a koya masa kalmomin da ba zai taɓa ba. Na ce sai na samu lokaci. Kafin nan ni nake gadin bayan aiki. Ba don komai ba, wani dai ya tsaya.

Yau Ilya ya shigo, ya gaida ɗaki. Bai ware ni ba, bai tsallake ni ba. Na tambaye shi ya haƙuri, ya karatu, ya mutanen Tawa, ya sanyin Bron. Ya amsa duka. Sai Youssouf na Lille ya shigo, shi ma na tambaye shi yaran, ashe ƙaramar ta fara tafiya.

Shinkafata ta ƙone a kan wuta.